Takardu Biyu, Ɗaki Na Shida

Auta tana cin abincin rana a kan teburinta na ofis wayarta ta yi ƙara. Da ta ga Mai Makulli ce sai ta ajiye cokali, don matar ba ta kiran mutum da tsakar rana haka kawai.

"Auta, in kina da hali ki zo yanzu. Mutum biyu gare mu a ɗaki na shida, kowa da takardarsa."

"Wace irin takarda, Inna?"

"Irin wadda kwamfutarki ke fitarwa mana. Da lamba da komai."

Gidan da Mai Makulli ke kula da shi masauki ne mai ɗaki takwas a bayan babban asibiti. Wata ƙungiyar taimako ce ta kama shi saboda masu cutar daji da ke zuwa daga nesa, waɗanda ake sa su ƙarƙashin na'urar ƙona cutar kowace safiya kuma ba su da kowa a garin. Shekara biyu da suka wuce mahaifiyar Auta ta yi sati uku a gidan, don ya fi kusa da asibitin. A lokacin wani ƙaton littafi ake rubuta masu kama ɗaki, duk ya sha gogewa da karce. Bayan rasuwar mahaifiyar, Auta, wadda sana'arta rubuta manhaja ce a wani kamfani, ta ba da ranakun hutunta na wata uku ta yi wa gidan tsarin kama ɗaki a kwamfuta. Ba wanda ya roƙe ta. Ta rasa abin da za ta yi da hannuwanta ne a lokacin.

Ta leƙa wurin shugabanta ta ce uzuri ya taso mata, ta saɓa jakar kwamfuta ta fita neman tasi.

A falon masaukin ta tarar da su. Wani tsoho ramamme yana zaune a kujerar roba kusa da wani firiji mai gurnani, da ƙyalle naɗe a wuyansa, akwati ɗaya da fulas a gabansa. Direban babbar mota ne, in ji Mai Makulli, shekara talatin yana kan hanya, yanzu ciwon ya kama shi a maƙogwaro har murya ta tafi. 'Yarsa tana tsaye a kansa, ba ta ko sauke jakar da ke kafaɗarta ba. Awa tara suka yi a mota.

A can ƙarshen baranda, a bakin ƙofar ɗaki na shida, wani ƙaƙƙarfan mutum yana tsaye ya harɗe hannuwa ta baya kamar wanda aka kira gaban alƙali. Kafinta ne. Matarsa tana ciki, yau kwananta bakwai da fara magani.

"Ke ce mai kwamfutar?" 'yar direban ta tambaya.

"Ni ce. Sannunku da hanya. Baba, sannu da jiki."

Tsohon ya ɗaga hannu ya mayar. 'Yar ta miƙo takardar da ta sha ninki huɗu.

"Duba nan. Wata biyu ke nan da na kama ɗakin. Daga goma ga wata zuwa sha bakwai. Yau nawa ga wata?"

"Goma."

"To."

Kafintan ma ya matso ya zaro tasa daga aljihun gaba. Ɗaki na shida, daga uku ga wata zuwa sha uku ga watan gobe, sati shida cif. Sati uku da suka wuce aka ba shi. Auta ta riƙe takardun biyu, ɗaya a kowane hannu. Rubutun ƙasan su iri ɗaya ne, ita ta tsara shi da kanta: An tabbatar muku da ɗaki, Allah ya ba da lafiya.

"Ku ba ni minti kaɗan," ta ce.

Ofishin gidan ɗan ƙaramin ɗaki ne da ake tara zannuwan gado a kusurwarsa. Manaja yana ciki da waya a kunne, yana roƙon wani a asibiti ko akwai gado ko na kwana ɗaya ne. Ya nuna mata kujera da haɓa. Ta buɗe kwamfuta a kan cinya.

Tsakanin manhajar da ta rubuta da rumbun da ake ajiye bayanai akwai wani kayan aiki da masu sana'ar ke kira ORM. Ita tafinta take ce masa, don aikinsa ke nan: ka faɗa masa abin da kake nema da yaren manhajarka, shi ya juya shi zuwa yaren da rumbun ke ji, ya dawo maka da amsa. Tun a cikin tasi take fatan a ce shi ya yi kuskuren fassara. Yakan faru wani lokaci. Ta sa ya nuna mata ainihin tambayar da yake aika wa rumbun duk lokacin da wani ya nemi ɗaki. Ta karanta sau uku, a hankali, tana bin layi da ɗan yatsa.

Tafinta bai ƙara ba, bai rage ba. Abin da ta ce ya tambaya shi yake tambaya.

Tambaya biyu ta rubuta a wancan lokacin. Ranar da sabon baƙo zai shiga, akwai wani a ɗakin? Ranar da zai fita, akwai wani a ɗakin? In duka biyun babu, a ba shi. Matar kafinta za ta shiga uku ga wata: babu kowa ranar. Za ta fita sha uku ga watan gobe: babu kowa ranar. Satin direba yana zaune a tsakiya, ba wanda ya tambaya game da shi.

Mai Makulli ta shigo da makullanta suna kaɗawa a ƙugu, ta tsaya a kanta.

"Kin gano?"

Auta ta jawo wani tsohon ambulan ta ja dogon layi a bayansa, sannan ta ja gajere a ƙarƙashinsa, daidai tsakiya. Ta ɗiga biro a bakin dogon na hagu, ta ɗiga a na dama. "Nan kawai take dubawa, da nan."

Mai Makulli ta daɗe tana kallon ambulan ɗin. "Wato ta leƙa ta ƙofar gaba, ta zagaya ta leƙa ta baya, ba ta shiga tsakar gidan ba."

"Ni ce ban ce ta shiga ba, Inna."

"Amma shekara guda muna aiki da ita lafiya lau."

Wannan ma Auta ta riga ta gane dalilinsa. A da kusan kowa sati ɗaya yake yi, ko kwana goma. Kwanakin mutum ba sa haɗiye na wani gaba ɗaya, sai dai su taɓa shi ta gefe, shi kuwa gefen tana kama shi. Watan jiya ne asibitin ya fara maganin sati shida. Ta tuna ranar da ta gwada aikin a ɗakinta, ta jera misalai har takwas, duk suka wuce, ta tashi ta dafa shayi tana jin daɗin kanta. Misali na tara ne bai zo mata ba.

Gyaran bai kai minti goma ba. Ta goge tambayoyin biyu ta sa guda ɗaya mai hannu biyu: akwai wanda zai shiga kafin sabon ya fita, kuma zai fita bayan sabon ya shiga? In akwai, sun yi karo, ko ta gefe ko ta tsakiya ko ta ina. Layi biyu ne. Ta gwada da kwanakin matar kafinta, kwamfuta ta ce ɗakin a kame yake. Ina ma sati uku da suka wuce ta faɗi haka.

Sai ta ce bari ta ƙara kulle a kan rumbun kansa, dokar da za ta hana shi karɓar mutum biyu a ɗaki ɗaya ko da manhaja ta sake yin kuskure. Ta aika umarnin. Rumbun ya ƙi. Ya ce ba zai ɗauki dokar ba, domin abin da ke cikinsa ya riga ya karya ta.

Ta san da karon da aka yi a ɗaki na shida. Ta rubuta wata tambayar, ta ce a jero mata duk inda kwanakin mutum biyu suka hau kan juna daga yau zuwa gaba. Jerin ya fito nan take. Ban da ɗaki na shida, akwai guda tara.

Manaja ya ajiye waya. "Babu gado. Har a baranda mutane suke." Ya leƙo fuskar kwamfutar. "Wannan fa?"

Ta faɗa masa. Ya cire tabarau ya murza idanu. Da ya yi faɗa da ta fi samun sauƙi.

Suka koma falo. Ɗakuna takwas duk da mutane, kowanne da mai jinyarsa. Otal ba na masu irin halinsu ba ne, 'yar direban ma ba ta bari an ƙarasa maganar ba. Manaja ya kawo shawarar a raba ɗaki na shida da labule, Mai Makulli ta girgiza kai: nas ta ja kunne cewa jinin matar kafinta ya yi ƙasa, ko mura ta kama ta sai an kwantar da ita, ga shi tsohon yana tari.

Auta ta fita bakin ƙofa ta kira yayarta, wadda Auta take zaune a gidanta tun rasuwar mahaifiyarsu.

"Yaya, in na kawo baƙi biyu su yi sati a ɗakina, ni in koma wurin yara?"

"Kawo su mana. Su waye?"

Ta dawo da saurinta ta faɗa. 'Yar direban ta tambayi inda gidan yake. A ɗaya gefen gari, awa ɗaya da rabi in hanya ta cushe, kuma ƙarfe bakwai na safe ake son tsohon a asibiti. Ta tambayi hawa na nawa. Na uku.

"Matakala uku na bakin ƙofar nan, sai da ya huta a ta biyu," in ji ta.

Daga cikin ɗaki na shida wata siririyar murya ta fito. Ashe matar kafinta tana jin komai. "A ba tsohon ɗakin. Shi ya riga mu kamawa. Ni ko ina aka sa ni zan kwanta."

Kafintan ya sunkuyar da kai. "Faɗa kawai take yi," ya ce a hankali. "Tun jiya ko ruwa ba ya zama a cikinta. Banɗaki ma ɗaukarta nake yi." Ya dubi tsohon. "Baba, ka yi haƙuri. Wallahi da ni ne mai ciwon da tuni na fita."

Tsohon ya yafito 'yarsa. Ta duƙa ta kai kunne bakinsa, ta daɗe a haka. Da ta miƙe idanunta sun kaɗa.

"Ya ce motar da ta riga ta faka ta sauke kaya ba a tayar da ita. Ya ce a nema masa ko inda zai miƙe ƙafa ne."

Inda ya rage shi ne ɗakin ajiya, a bayan kicin. Ba taga, sai wata 'yar kafa can sama kusa da rufi. Bokitai ne a ciki da tsintsiyoyi, kwalayen sabulu, kujerar guragu mai taya ɗaya, da wani gadon katako da ya karye a tsakiya. Kafintan ya nemi guduma, aka aro masa a maƙwabta. Ya zare ƙusoshi daga wani tsohon kwali na katako, ya miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a kan dutse, cikin rabin awa gadon ya tsaya da ƙafafunsa. Mai Makulli ta wanke ƙasan har sau biyu, amma warin sabulun goge ƙasa ya riga ya kama bango. Manaja ya ciro fankar ofishinsa ya kawo.

Auta ta yi ta jidar kwalaye zuwa baranda. Shi ne kawai abin da ta ga za ta iya. A dawowa ta shida ta haɗu da 'yar direban a ƙofar kicin tana ɗauraye kofin fulas.

"'Yar'uwa, laifina ne. Ni na rubuta abin, ni na bar gurbin. Ba laifin Inna ba ne, ba na Manaja ba."

Matar ta ci gaba da ɗauraye kofin. "Na ji."

"Na gyara yanzu. Ba zai sake faruwa ba."

"Da wa?"

Matar ta yarfe kofin ta wuce.

Saura mutum tara. Manaja ya yanke cewa wanda ya riga kamawa shi ke da ɗaki, sai dai in ɗayan ya riga ya shiga. Ba don hakan ya fi adalci ba, in ji shi, sai don ba shi da ƙarfin zuciyar da zai zauna yana auna ciwon wa ya fi na wa. Ya ce zai kira su ya ce na'ura ce ta samu matsala. Auta ta ce a bar mata, ita za ta kira.

Kwana uku ta yi tana kira, a lokacin hutun cin abinci, a tsaye a matakalar bayan ofishinsu inda ba mai wucewa. Ta rubuta abin da za ta faɗa a takarda, amma ba ta taɓa kai ƙarshensa ba.

Uku daga ciki an samu yadda aka yi: wani ɗakin zai saku a kwanakinsu, sai dai su yi ƙaura a tsakiyar zama. Wata mata ta ce tana da 'yar ƙanwar miji a garin, ba sa ga maciji da juna, amma za ta je ta durƙusa mata. Wani mutum ya saurare ta har ta gama, ya ce, "To, ba komai, mun gode da kika sanar da mu," ya kashe. Wannan godiyar ta fi zagi tsaya mata a rai. Biyu suka ce za su roƙi asibiti a ɗaga musu ranar farawa zuwa lokacin da ɗaki zai samu. Ta ce su fara tambayar likita ko jinkirin ba zai cutar ba. Ɗayan ya yi 'yar dariya ya ce, "'Yata, ko zai cutar, a titi za mu kwana?"

Na takwas wani saurayi ne ya ɗauka. Ta gaishe shi, ta ce game da ɗakin da aka kama wa mahaifinsa ne.

"Ai Baba ya rasu ranar Litinin. Mun manta ba mu sanar da ku ba."

Ta yi masa ta'aziyya yadda ya kamata. Amma kafin bakinta ya buɗe, wani abu a cikin kanta ya riga ya lissafa cewa ɗaki na biyu ya warware. Da ta kashe wayar ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da tafukan hannu. Da yamma ta faɗa wa yayarta. Yayar tana ninke kayan makarantar yara, ta tsaya da riga a hannu.

"Ba ke kika kashe shi ba, Auta."

"Na sani. Amma na ji sauƙi, Yaya. Sai da na ji sauƙin sannan na ji tausayin."

Yayar ta ninke rigar ta ɗora a kan sauran. "Tashi ki ci abinci," ta ce.

Ta tara lambarta a kashe take. Wata mata ce, an kama mata ɗaki na huɗu daga ashirin da biyu ga wata, ɗakin kuwa akwai mai sati shida a ciki. Auta ta kira safe da rana, ta tura saƙo har biyar. Asibiti ma lambar ce kawai gare su.

A rana ta huɗu Mai Makulli ta kira ta. Direba da 'yarsa sun tafi. Bayan an dawo da shi daga asibiti suka haɗa kaya, 'yar ta ninke zanin gado ta ajiye makulli a kai. Saura masa zuwa uku a ƙarƙashin na'ura. Mai Makulli ta ce zafin ɗakin ya hana shi barci, tarin ya ƙaru, kuma ta ji yana yi wa 'yar alama da hannu cewa gida yake so. Ta kuma ce shi kansa maganin yana sa wasu su gudu, ta ga da yawa, ko a ɗaki mai taga biyu suke.

Auta ta nemi lambar ta kira. 'Yar ta ɗauka, ana jin ƙarar mota a bayanta.

"Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

"Ɗakin ne ya sa kuka tafi? In ɗakin ne, ranar Asabar ɗaki na bakwai zai saku, zan roƙi Manaja."

"Ya ce ya gaji. Shi ke nan abin da ya ce." Sai ta ƙara da cewa, "Ki gaida mai gudumar nan. Ki ce Baba ya ce gadon bai yi ƙara ba ko sau ɗaya."

Auta ta sake kira bayan sati, ba a ɗauka ba. Ba ta ƙara ba, don ta ga kamar don ranta ya huta take kiran, ba don su ba.

Ranar ashirin da biyu ta ɗauki hutun rabin yini ta tafi masaukin tun da hantsi. Ba abin da ta zo da shi. Manaja ya riga ya fitar da teburinsa baranda ya ɗora masa dutse a kan takardu saboda iska, aka shigar da gadon da kafinta ya gyara cikin ofis, don ofishin ko ba komai yana da taga. Suka zauna ita da Mai Makulli a kan benci a bakin ƙofa.

Wajen sha ɗaya wata tasi ta tsaya. Wata dattijuwa ta fito a hankali tana dafa ƙofa, wani mutum mai furfura ya zagayo ya riƙe ta. Da suka iso matakala ya saki hannunta ya laluba aljihu, ya fito da takarda yana murmushi.

"Sannunku. An sace mana waya a tasha wancan satin, amma takardar tana nan. Ɗaki na huɗu aka ce."

Mai Makulli ta dubi Auta. Auta ta miƙe ta karɓi jakar hannun dattijuwar.

"Sannu da hanya, Mama. Ku shigo ku zauna tukuna, ku sha ruwa. Akwai maganar da zan yi muku."